Yadda Ake Sauya Gilashin Gaba na Tsohuwar Mota

Motar Peugeot 504, wadda aka fi sani da Fijo, ta fara fitowa ne a ƙasar Faransa cikin 1968. An buɗe masana'antar haɗa Fijo a Kaduna cikin 1975, aka kuma ci gaba da haɗa 504 a can har bayan shekarar 2000. Yanzu an daina ƙera ta, amma akwai masu sabunta tsofaffin don su ci gaba da aiki. Sauya gilashin gaba yana cikin ayyukan da suka fi bukatar natsuwa a wannan gyara.

Gilashin Sabbin Motoci da na Tsofaffi

Gilashin gaba na motocin zamani da gam mai ƙarfi ake manne shi. Na tsofaffin motoci irin su 504 kuwa, roba ce mai kauri take riƙe shi. Robar tana da kwari biyu. Ɗaya yana kama bakin gilashi, ɗayan yana kama bakin ƙarfen mota. Idan robar ta bushe ta tsattsage, ruwan sama yakan shiga ya kwanta a ƙarƙashinta, ƙarfe ya yi tsatsa ba wanda ya gani.

Wane Gilashi Za a Saya?

Gilashin mota iri biyu ne. Akwai gasasshe, wanda yake rugujewa kamar tsakuwa idan dutse ya buge shi. Nan take direba ya daina ganin hanya. Akwai kuma mai falle biyu, da siririyar leda a tsakaninsu. Shi wannan idan ya fashe tsagewa yake yi, ledar ta riƙe ɓaraguzan. Wani Bafaranshe masanin kimiyya, Edouard Benedictus, shi ya yi rajistar wannan dabara cikin 1909.

Mai falle biyu shi ya dace da gaban mota. A duba kusurwar gilashin ta ƙasa, akwai ɗan rubutu. Idan an ga kalmar LAMINATED, to shi ne. Idan TEMPERED ko TOUGHENED aka rubuta, gasasshe ne. Nan ma karatu ya yi rana. Araha ba ta ado, balle a abin da ya shafi rai.

Cire Tsohon Gilashi

A fara cire waifa. A sa wuƙa mai kaifi a yanke leɓen tsohuwar robar kewaye da gilashin. Mutum ɗaya ya tura a hankali daga ciki, wani ya tare daga waje. A ajiye tsohon gilashin don a gwada girmansa da na sabon.

Daga nan sai babban aiki, wato duba bakin ƙarfen. A kankare tsatsa duka har farin ƙarfe ya bayyana. Inda ya huje, mai walda ya cike, a goge wurin ya yi sumul. Sai a yi fenti, a bari ya bushe sosai. Wanda ya ɗora sabon gilashi a kan tsatsa, damina ɗaya ko biyu zai sake ganin yoyo. Ƙullutun walda da ba a goge ba kuma yana iya tsaga gilashin.

Ɗaura Sabon

Ana bukatar mutum biyu, da sabuwar roba, da ruwan sabulu, da igiya mai santsi wadda ba ta kai kaurin fensir ba.

1. A shanya robar a rana ta yi laushi, sannan a sa ta kewaye da gilashin.
2. A cusa igiyar cikin kwarin da zai kama ƙarfe, ta zagaye duka, bakunanta biyu su gitta juna a tsakiya ta ƙasa.
3. A shafa ruwan sabulu a robar. Kada a shafa baƙin mai ko giris, domin suna cinye roba.
4. A aza gilashin daga waje, bakunan igiyar suna cikin mota. A tabbata ya zauna daidai tsakiya.
5. Na ciki ya riƙa jan igiyar sannu sannu, yana janyo leɓen robar ya hau kan ƙarfe. Na waje yana dannawa da tafin hannu daidai inda igiyar take fita.

A yi hattara a kusurwoyi, nan gilashi ya fi tsagewa. Kada a sa sukudireba a ɓanɓara, kada kuma a buga da dunƙule. Idan robar ta ƙi hawa, a ciro gilashin a sake farawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Bayan an gama, a mayar da waifa da sabbin robobinta, domin tsofaffi suna karce gilashi. Sai a kwarara ruwa a kan gilashin, wani yana ciki yana duba yoyo. Idan ko ɗigo bai shiga ba, aiki ya yi kyau, mota ta shirya shiga damina.