Giyar Otomatik: A Duba Mai Kafin a Kwance Giyabos

'Yan'uwa manoma, tun da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, noman rani ya zauna a Talata Mafara da Bakura da Maradun. Ƙungiyar da ta tara kuɗi ta sayi tsohuwar mota don kai shinkafa da albasa kasuwa, sau da yawa mai giyar otomatik take samu. Gyaran irin wannan giya yana iya cinye ribar kaka guda, saboda haka muka ga ya kamata mu yi bayani.

Wannan giya ba ta da kulocin ƙafa. Mai ne ke ɗauko ƙarfin inji, shi ke matse faya-fayan da ke canja giya, shi ke sanyaya su. In mai ya ragu ko ya ƙone, sai ka sa D mota ta yi jinkirin tashi, ko inji ya yi ta ƙugi mota ba ta gudu.

Ga yadda ake dubawa. A tsai da mota a wuri mai daidai bayan inji ya yi zafi, a sa P, a zaro sandar awon man giya, a shafa a farin ƙyalle. Yawancin motoci inji na aiki ake aunawa, amma Honda sai an kashe.

In ja ne garau, lafiya lau. In bai kai zane ba, a nemi inda yake yoyo, a ƙara irin wanda aka rubuta wa motar, ba man inji ba. In ya yi baƙi yana ƙauri, faya-fayan sun soma cinyewa. In ya yi kamar an zuba madara, ruwan lagireto ya shiga. Kada a ƙara tuƙa ta.

Babban abokin gāban man nan zafi ne. A watan Afrilu zafinmu yakan wuce digiri 40. A rage lodi, a wanke ƙurar lagireto, a tabbata fanka tana juyawa. In mota ta kafe a laka, kada a yi ta sa D da R ana taka totur. A fito a tura. Ba a tayar da ita da turi, kuma jan ta nesa da igiya yana kashe giyabos.

In mai yana da kyau amma mota ta maƙale a giya ɗaya, wataƙila waya ce ta tsinke. Motocin da aka sayar a Amurka daga 1996 suna da wurin jona kwamfuta. A kai ta Gusau ko Sakkwato a auna, kafin bakanike ya kwance kome.

Muna ba kowace ƙungiya shawara ta naɗa mutum ɗaya ya riƙa duba mai kowane mako, yana rubutawa a littafi. Rigakafi ya fi magani.