Mai Sayar da Tsoro Ba Ya Rasa Ciniki a Lokacin Zaɓe

Duk wanda ya nemi gidan haya a garin Kaduna cikin shekaru ashirin ɗin nan ya san cewa kafin a zo maganar kuɗi, sai an fara sanin gefen kogin da mutum zai iya kwana da ido biyu rufe. Musulmi ya nufi Kawo, Unguwar Sarki, Tudun Wada ko Rigasa. Kirista ya gangara Sabon Tasha, Narayi ko Unguwar Romi. Babu dokar da ta raba garin haka. A zamanin da masaƙun Kakuri ke aiki dare da rana, leburori daga kowace ƙabila gida ɗaya suke haya, famfo ɗaya matansu ke bin layi. Rikicin da ya ɓarke a watan Fabrairun 2000 kan batun shari'a, ya sake tashi a watan Mayu, shi ya sa mutane suka kwashe kaya, wasu suka sayar da gidajensu a wulaƙance, wasu suka yi musaya da wanda ke gudowa daga ɗaya gefen.

Ga ɗan siyasa marar abin nunawa, gari irin wannan kasuwa ce da ta ci. Yaron da aka haifa a Rigasa bayan 2000 zai iya kaiwa shekarun jefa ƙuri'a bai taɓa cin tuwo a gidan Kirista ba, haka takwaransa na Sabon Tasha bai taɓa zama a zauren Musulmi ba. Abin da kowannensu ya sani game da ɗan uwansa, a baki ya ji shi, ko a saƙon murya na WhatsApp. Duk abin da aka faɗa masa zai zauna, don babu fuskar maƙwabci da za ta ƙaryata.

Mutane kan haɗa tsoro da ƙiyayya a numfashi ɗaya, amma tsoro ne ke shigowa da fari. Da wuya ka ji ɗan takara ya hau mumbari ya ce a ƙi wane. Abin da ake raɗawa a majalisa, sojojin baka su ɗauka su kai rediyo, shi ne: "In suka ci, mun shiga uku." Kuma wannan jari ne mai arha. Wanda ya yi alƙawarin asibiti, bayan shekara huɗu za a je a duba ko akwai gado da magani. Wanda ya yi alƙawarin kare ka daga "su" ba shi da ranar hisabi. In bala'in bai zo ba, ya ce shi ya tare. In ya zo, ya ce ai dama ya faɗa. Riba ta biyu ma ta fi ta farko daɗi: tsoro na rufe bakin 'yan gida. Ka tashi ka tambayi ina kuɗin taki, sai a ce maka, "Malam, yanzu ba lokacin wannan ba ne." Ka nace, a ce an saye ka.

Sai dai kuskure ne a ɗauka tsoron nan ƙirƙira ce kawai. Ɗan siyasa ba ya ƙera shi daga babu, tarar da shi yake yi. Rikicin Zangon Kataf na 1992 kan sauya wa kasuwa matsuguni ya fara, amma a ƙarƙashinsa akwai tsohon ƙorafin Atyap kan filaye da kan mulkin hakiman da ake turo musu daga masarautar Zazzau. Hausawan Zango kuwa har yau suna da sunayen waɗanda suka binne a watan Mayun shekarar. Musulmin Zonkwa da Matsirga suna da Afrilun 2011. Ƙauyukan kudancin jihar suna da darare da yawa da aka afka musu suna barci. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle, kuma ba wauta ce ta sa shi ba. Shi ya sa huɗubar "ku daina jin tsoro, duk ɗaya muke" ba ta cika shiga kunnen wanda ya taɓa gudu da yaro a kafaɗa ba.

Zaɓen shugaban ƙasa na 16 ga Afrilun 2011 ya nuna inda wannan ciniki ke ƙarewa. Ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta cewa an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa, mafi yawansu a Jihar Kaduna. A Bauchi an kashe matasa masu yi wa ƙasa hidima waɗanda aikin zaɓe kawai ya kai su. Gwamnati ta kafa kwamiti ƙarƙashin marigayi Sheikh Ahmed Lemu, ya yi aikinsa ya miƙa rahoto. Da Human Rights Watch ta koma bincike a Kaduna da Filato, rahoton da ta fitar a 2013 ya nuna cewa waɗanda aka hukunta ba su taka kara sun karya ba. Sunan da ta ba rahoton ma magana ce da kowa ya saba ji a gidan makoki: a bar wa Allah.

Idan aka zo maganar mafita, sunayen da ake fara kira su ne Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, kuma sun cancanta. A rikicin 1992 kowannensu jagoran matasa ne a ɓangarensa. Wuye ya rasa hannunsa na dama, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan uwansa biyu. A 1995 aka haɗa su, daga baya suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna, kuma suna cikin waɗanda suka yi ɗawainiyar sulhun Yelwa da Shendam bayan kashe-kashen 2004. Su ne kuma suka taimaka aka tara shugabannin addini 22 suka sa hannu kan sanarwar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002. Wata uku bayan haka, a Nuwamba, rikicin gasar sarauniyar kyau ya ci rayuka fiye da 200 a garin. Ban kawo wannan don rage musu daraja ba. Amma takardar da malamai suka sa wa hannu ba ta hana wanda ke da riba a tashin hankali neman ribarsa.

Wani bincike da aka yi a Kaduna kanta ya fi ba ni abin tunani. Masu bincike biyu, Alexandra Scacco da Shana Warren, sun tara samari Musulmi da Kirista daga unguwannin talakawa aka koya musu kwamfuta na mako 16. Wasu azuzuwan a gauraye, wasu addini ɗaya zalla, kuma ba a yi musu wa'azin zaman lafiya ba. Sakamakon da suka wallafa a 2018 ya nuna ra'ayin samarin game da ɗaya addinin bai wani sauya ba. Amma da aka ba su kuɗi su raba, 'yan ajin gauraye sun fi 'yan ajin zalla yi wa na wancan addinin adalci. Zuciya ba ta juya ba, hannu ya gyaru. A ganina wannan ya wadatar a matakin farko, don ba sai maƙwabcinka ya ƙaunace ka zai ƙi nuna gidanka ba. Akwai kuma gargaɗi a ciki ga masu shirya tallafi da koyar da sana'a unguwa-unguwa, coci daban masallaci daban.

Babban aikin dai yana kan lissafin ɗan takara. Masanin siyasa Steven Wilkinson, da ya nazarci rikicin Hindu da Musulmi a Indiya, ya gano cewa gwamnatocin jihohin da ke buƙatar ƙuri'ar tsiraru su ne ke saurin tura 'yan sanda a kashe wuta tun tana ƙarama. Waɗanda suka tsara mana tsarin mulkin 1979 sun hango wani abu makamancin haka, shi ya sa har yau ba a zama shugaban ƙasa sai an samu kashi ɗaya cikin huɗu na ƙuri'u a kashi biyu cikin uku na jihohi, gwamna kuma a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. Dabarar tana da kyau, amma tana da kafa. Kaduna na da ƙananan hukumomi 23, shiyyar sanatan kudu na da 8. Wanda ya cika sharaɗin a sauran 15, abin da ya rage masa daga kudu bai wuce guda ɗaya ba. Ƙa'idar da za a iya cikawa ba tare da an je an gaida mutane a garinsu ba, ba ta tilasta wa kowa tausasa harshe.

Inda aka taɓa tushen tsoron kuwa, an ga bambanci. Bayan 2000, Gwamna Ahmed Makarfi ya ƙara wa al'ummomin kudancin jihar masarautu nasu na kansu, ya kuma tsara kotuna ta yadda ta shari'a za ta yi wa Musulmi aiki, ta gargajiya ta yi wa waɗanda ba Musulmi ba. Bai gama da matsalar ba, amma ya cire wa masu zuga manyan makamai biyu. Haka a 2015: Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari sun sa hannu kan yarjejeniyar Abuja ranar 14 ga Janairu a gaban Kofi Annan da Emeka Anyaoku, kwamitin Janar Abdulsalami Abubakar ya bi su ya sake zaunar da su daf da zaɓe. Duk da haka, saboda tsoron rikici, mutane da yawa sun riga sun kwashe iyalansu sun koma garuruwansu. Kiran wayar da Jonathan ya yi wa Buhari ranar 31 ga Maris, tun ba a gama sanar da sakamako ba, shi ya sa 'yan banga suka rasa wanda za su ce suna yi wa faɗa.

Abin da har yanzu ba mu gwada da gaske ba shi ne hukunci. Dokar Zaɓe ta 2022 ta haramta yaƙin neman zaɓe da kalaman da ke taɓa addini ko ƙabila, kuma dokokin da suka gabace ta ma sun haramta. Tun 2008 kwamitin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais ya ba da shawarar a kafa hukuma ta musamman da za ta gurfanar da masu laifukan zaɓe, don hukumar zaɓe ba ta da hannun da za ta shirya zaɓe kuma ta bi dubban ƙararraki. An sha kai ƙudurin majalisa. Zaɓukan 2011, 2015, 2019 da 2023 duk an yi su babu wannan hukuma, kuma waɗanda za su zartar da ƙudurin su ne waɗanda za ta fara gayyata.