Kirdadon Sama da Ƙanƙarar Mambila

Duk wanda ya taɓa tashi daga Jalingo cikin bazara, sa'ad da zafi kan kusanci digiri 40, ya bi ta Bali da Serti har Mayo Selbe inda hanya ke fara nannaɗe dutse, sa'an nan ya ɓulla Maisamari ya ji sanyi ya ratsa rigarsa, ya san cewa jihar Taraba, ko da yake tun 1991 sunanta ɗaya, yanayi biyu gare ta. Sababin wannan kuwa shi ne iska takan yi sanyi da misalin digiri shida da rabi a kowace mita 1,000 da aka hau, alhali tsaunin Mambila ya kai kimanin mita 1,600, Chappal Waddi kuma, wanda babu dutsen da ya fi shi tsawo a Nijeriya, mita 2,419. To, yaya magana guda ta hasashen yanayi da aka faɗa a rediyo za ta wadatar da mai shinkafa a bakin Binuwai da mai tsinkar ganyen shayi a Kakara?

Mutane da yawa, idan an ce gobe za a yi ruwa suka wayi gari rana tsaka, sukan yanke hukunci cewa aikin duk ƙarya ne. A ganina ba su yi wa masu aikin adalci ba. Malamanmu na da, waɗanda suka ƙware a hisabi suna lissafin manzilolin wata ashirin da takwas don su sanar da manomi lokacin shuka, ba su taɓa da'awar yaƙini ba, domin sun san ƙarshen Suratu Luƙmana ya sanya saukar da ruwa cikin al'amuran da saninsu ke wurin Allah. Galabar zato suke bayarwa, sukan kuma cika da "Allahu a'alamu". Hukumar yanayi ta ƙasa, NiMet, wadda doka ta kafa a 2003, take kuma fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ita ma galabar zato take bayarwa, sai dai ma'auni da tauraron ɗan'adam da kwamfuta sun ƙarfafa zaton nata.

Abin da ke sa ta kuskure yana da asali. Tun 1963 wani masani a Amurka, Edward Lorenz, ya nuna cewa ɗan kuskure ƙanƙane a awon yau yakan yi ta ninkuwa, har ya zamana bayan mako biyu babu mai iya faɗin yadda wata rana takamaimai za ta kasance. Ƙasarmu kuma tana da tata wahalar ta daban, domin ruwanmu galibi na hadari ne, wanda kan haɗu cikin sa'a guda ya zuba a kan 'yan unguwanni, a jiƙe sharkaf a Mayo Gwoi ta Jalingo, Sabon Gari kuwa ƙura na tashi. Ga ƙarancin tashoshin awo, waɗanda hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa a Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Ga kuma dutse, wanda kan tilasta wa iska mai laima ta hau, ta huce, ta zubar da abin da ta ɗauko a gefe ɗaya ta bar ɗayan.

A irin wannan hawan ne ake samun ƙanƙara. Iska mai ƙarfi takan ɗaga ɗigon ruwa zuwa inda yake daskarewa, ya yi ta tara rufi bisa rufi kamar albasa, har nauyi ya rinjaye shi ya faɗo. Dusar ƙanƙara kuwa, wadda ke bukatar sanyi tun daga gajimare har ƙasa, ba ta sauka a Nijeriya, amma ta sauka a Ain Sefra ta Aljeriya, a bakin hamada, a 1979, da Disamba 2016, da Janairu 2018, mutane suka fito suna murna a kan tuddan yashi da suka yi fari. Wannan murna na fahimce ta, domin ita ce ke fitar da yaranmu da gudu da kwanoni in ƙanƙara ta fara bugun kwanon rufi, suna tsinta suna tsotsa, manya kuma suna tasbihi saboda ganin ƙudura. Ban ga laifinta ba. Sai dai ƙanƙarar da ta faranta wa yaro ita ce ke kekketa ganyen masara, mai gonar kuwa ya fi kowa bukatar a gargaɗe shi tun da wuri.

Saboda haka ina roƙon mahukunta da su ƙara tashoshin awo a Gembu da Nguroje da sauran garuruwan tsauni, a kuma riƙa karanta hasashen Mambila daban da na kwarin Binuwai, da Hausa da Fillanci, ana bayyana ƙarfin zaton, ko rinjayayye ne ko mai rauni. Kai kuma mai karatu, idan aka ce ruwa mai yawa na tafe, kau da iyalinka da kayanka daga bakin kogi ko da jiya an faɗa ba a yi ba, domin mutanen Jalingo ba su manta da ambaliyar 2005 da ta karya gadar Nukkai ba.