Ina Littafin Jagorar Ya Shiga? Neman Cikakken Bayanin Manhajojin Tace Bidiyo

Shekaru 20 da suka wuce, wanda ya sayi manhajar tace bidiyo irin su Pinnacle Studio ko Ulead VideoStudio da kwali yake komawa gida: faifan CD a ciki, littafi a gefensa. Littafin kan bi manhajar lungu-lungu, ya faɗi aikin kowane maɓalli da abin da zai faru idan an taɓa shi. Yanzu kwalin ya kau. Cikin 'yan mintuna ake sauke manhaja a waya ko kwamfuta, a buɗe ta, ta nuna gajeren bidiyon yadda ake yanka hoto da ɗora waƙa, daga nan kuma kowa tasa ta fisshe shi.

Wannan ɗan bayanin kan wadatar matuƙar aiki na tafiya lami lafiya. Ranar da ya cije ne ake gane giɓin. Ɗauki misalin mai ɗaukar bidiyon biki da ya karɓi kafin alƙalami, ya yi alkawarin miƙa aiki ranar Juma'a, sai a daren Alhamis ya tarar murya ta sha gaban motsin baki a tsakiyar fim. Sau da yawa dalilin sananne ne: wayoyi da dama ba sa ɗaukar adadin firam iri ɗaya a kowace daƙiƙa, suna ƙarawa suna ragewa gwargwadon haske da nauyin aiki, wasu manhajojin kuma ba sa jure hakan. Cikakken littafin jagora zai ambaci matsalar da sunanta, ya faɗi maganinta a sakin layi biyu. Wanda ba shi da littafin kuwa zai kwana yana bin bidiyoyin YouTube ɗaya bayan ɗaya, data na ƙonewa, kuma mai yiwuwa wanda ya yi bidiyon da wani zubin manhajar daban yake aiki.

Littattafan ba su mutu ba. Wasu kamfanonin na rubuta su har gobe, sai dai ba sa tallata su, wasu kuma sun daina kwata-kwata. Abin mamakin shi ne kuɗin manhaja ba ya nuna wane rukuni take ciki.

DaVinci Resolve ce babbar hujja. Kamfanin Blackmagic Design na ƙasar Ostireliya ya sayi kamfanin da ya ƙirƙiro ta a 2009, kuma yana raba zubi guda kyauta, tare da wani mai suna Studio da ake saya kusan dala 300. Littafin jagorarta na PDF ya haura shafuka 3,000, kuma kyauta ne ga kowa. Mutane da yawa na shekara suna amfani da manhajar ba su san yana nan a gabansu ba, alhali da an latsa Help a saman allo za a ga mahaɗinsa, haka nan ana samunsa a shafin tallafi na kamfanin. Ba littafin da ake zama a karance ba ne. Ƙamus ne, ana buɗe shi ne da tambaya a hannu. Ga mai son koyo daga tushe, kamfanin na da wasu littattafan horo daban, su ma kyauta, da fayilolin gwaji da ake saukewa a bi darasi da su.

Irin abin da ke kwance a cikinsa kan ceci aikin kwanaki. Alal misali, sabon aiki a Resolve da firam 24 a daƙiƙa yake farawa, kuma da zarar an jera hotuna a kan layin aiki, wanda editoci ke kira taimlayin, ba a iya sauya adadin firam ɗin wannan layin. Sai dai a buɗe sabo. Wanda ya ɗauki bidiyonsa a firam 25 ko 30 bai gyara wannan tun farko ba zai iya ganin motsi na tsalle-tsalle bayan ya gama wahala. Akwai kuma wata ƙaramar takarda ta daban da ke jera nau'o'in fayil da manhajar ke karɓa a Windows da Mac da Linux. A nan mai amfani da Linux zai gano cewa zubin kyauta ba ya buɗe bidiyon H.264, kuma sautin AAC ba ya fitowa, waɗanda su ne mafi yawan wayoyi ke ɗauka da su. Gara a san haka kafin a kashe data wajen sauke manhaja mai nauyin gigabayit da yawa. Aibin littafin ɗaya ne: wani lokaci sabon zubi kan riga shi fitowa, sai a yi ta maneji da 'yar takardar sababbin abubuwa kafin cikakken ya iso.

Apple ma bai yi sakaci ba. Jagorar iMovie da ta Final Cut Pro na shafinsa na tallafi, a tsare babi-babi, ta Final Cut Pro har da PDF. CyberLink na ƙasar Taiwan, mai PowerDirector, na ajiye littafin manhajarsa a sashen tallafi, haka ma Corel ya saba yi wa VideoStudio da Pinnacle Studio. Adobe kuwa, tun da ya mayar da manyan manhajojinsa tsarin biyan kuɗi wata-wata a 2013, ya fi karkata ga shafukan intanet da ake sabuntawa a kai a kai. Bayanin na da yawa kuma ingantacce ne, amma sai da intanet, kuma shafi kan koma bayanin sabon zubi ya bar mai tsohon zubi yana neman maɓallin da babu shi a allonsa.

Inda lamarin ya fi rauni shi ne manhajojin waya, waɗanda kuma su ne suka fi yawa a hannun matasa masu yin bidiyon TikTok da tallan kaya. CapCut ta kamfanin ByteDance, da InShot, da KineMaster ta Koriya ta Kudu, sun dogara ne da gajerun darussa da shafin tambayoyi da amsoshi. Akwai dalili: manhajar da ke sauya fuska duk bayan 'yan makonni, wadda zubinta na waya ya bambanta da na kwamfuta, wadda abin da ke kyauta yau kan koma na kuɗi gobe, da wuya littafi ya cim mata. Amma dalilin kamfani ba ya rage wa mai aiki asara. Don bidiyon daƙiƙa 30 babu damuwa. Wanda zai dogara da manhaja don cin abincinsa kuwa ya kamata ya ɗauki rashin littafi a matsayin nakasu, kamar yadda zai ɗauki rashin kayan gyara ga babur.

Manhajojin da 'yan sa-kai ke ginawa sun ba wasu masu karɓar kuɗi kunya a wannan fanni. Kdenlive na da cikakkiyar jagora a docs.kdenlive.org, har da bayanin kowane irin ado da ake ɗora wa hoto da sauti. OpenShot na da tata, gajeriya kuma mai sauƙin bi. Shotcut ta fi warwatsa bayaninta, sai dai ita da kanta kan gane bidiyon waya mai firam marar daidaito, ta nemi izinin juya shi zuwa wanda zai yi daɗin aiki. Ga sauran manhajojin, HandBrake, ita ma kyauta, na yin wannan juyin.

Wajen neman kansa, abu na farko shi ne sanin lambar zubin da ke kan na'ura, wadda galibi ke ƙarƙashin Help ko About. Littafin zubi na 17 a hannun mai zubi na 19 zai amsa wasu tambayoyin, ya ɓatar da shi a wasu. Da lambar a hannu, sai a gwada maɓallin F1, wanda a manhajojin Windows da yawa ke buɗe taimako kai tsaye. In bai biya ba, a rubuta wa Google sunan manhajar da lambarta da kalmomin user guide, a ƙara filetype:pdf don ya kawo takardun PDF kaɗai, ko site: haɗe da adireshin kamfanin don ya tsaya a gidansu. Tsohon zubin da kamfani ya share shafinsa kuwa, sau da yawa ana tarar da kwafinsa a Wayback Machine, rumbun da ƙungiyar Internet Archive ke adana tsofaffin shafukan intanet.

A nan ake bukatar takatsantsan. Littafin jagora takarda ce. Duk shafin da ya ce sai an sauke fayil mai ƙarewa da .exe ko .apk, ko sai an shigar da lambar katin banki kafin a ga littafi, tarko ne. Windows Movie Maker ta ishi misali: Microsoft ya daina raba ta a watan Janairun 2017, amma shafukan bogi suka ci gaba da rarraba jabunta suna neman kuɗi. Clipchamp, wadda kamfanin ya saya a 2021, ita ce ta gaje ta a Windows 11.

Minti biyar sun isa a auna littafin da aka samo. A latsa Ctrl da F, a nemi frame rate, a nemi proxy, wato ƙananan kwafin bidiyo da ke sauƙaƙa wa kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi, sannan a duba babin fitar da aiki. Littafin da ya ce kawai a zaɓi inganci mafi kyau a latsa Export, talla ce aka yi wa bango. Na ƙwarai zai faɗi ma'anar kowane zaɓi, da abin da yake ƙara wa nauyin fayil, da abin da manhajar ba ta iyawa. Masu tambayar manhajojin ƙirƙirarriyar basira ma za su amfana da wannan duba, domin sukan cakuɗa bayanin zubi daban-daban su faɗe shi da cikakken tabbaci.

Sai batun harshe. Mafi yawan littattafan da Turanci suke, ko da yake masu karatu a Nijar da Kamaru da Chadi za su sami jagororin Apple da Adobe da Faransanci. Wanda Turancinsa bai yi nisa ba zai iya kwafo sakin layin da yake bukata ya ba manhajar fassara, amma ya bar sunayen maɓallai yadda suke, tunda da su zai nemo su a allo. Idan kuma PDF ɗin ya samu, a ajiye shi a filashi tare da fayil ɗin girka wannan zubin, a kuma dakatar da sabuntawa ta kai-tsaye har sai an miƙa aikin da ke hannu.