Wane Launin Fenti Ya Dace da Ɗakunanmu?

'Yan'uwa, a ƙasar Zuru da zarar hatsi ya shiga rumbu, da yawanmu mukan gyara ɗaki kafin Kirsimeti ko bikin Uhola. Amma kafin mu sayi fenti, mu sani cewa zaɓen launi ya shafi hasken ɗaki da lafiyar yara, ba ado kaɗai ba.

Na farko, haske. Yawancin ɗakunanmu tagoginsu ƙanana ne. Fari, ruwan madara da shuɗi mai haske suna maido da haske cikin ɗaki, don haka fitila ɗaya za ta ishi yaro karatu da dare. Launi mai duhu kuwa shanye haske yake yi, kuma sauro ya fi son maƙalewa a wuri mai duhu. Idan muna gudun ƙurar hunturu da dattin hannun yara, sai mu shafa ruwan ƙasa daga ƙasan bango zuwa daidai ƙugu, sama kuma mu bar mai haske.

Na biyu, gubar dalma. Gwaje-gwajen da aka yi a ƙasashe da dama, har da Najeriya, sun nuna cewa fentin mai, musamman ruwan ɗorawa, ja da ruwan lemo, shi ya fi yawan ɗauke da dalma. Idan ya tsufa yakan ɓare ya zama ƙura, yaro mai rarrafe ya kai baki. Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yaro, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce komai ƙanƙantarta a jiki illa ce. Ba mu manta da maƙwabtanmu na Anka da Bukkuyum a jihar Zamfara ba, inda wannan guba ta kashe yara kimanin 400 a shekarar 2010. Tasu daga ƙurar dutsen zinariya ta fito, amma gubar iri ɗaya ce.

Saboda haka, a cikin ɗaki mu yi amfani da fentin ruwa ko farar ƙasa. In za a shafa wa ƙofa fentin mai, a duba gwangwanin ko an rubuta babu dalma. Kada a kankare tsohon fenti a bushe. A jiƙa shi tukuna, a nisantar da yara da mata masu ciki. Sabon shafen siminti kuma a bar shi kamar mako 4 ya bushe sosai. Rigakafi ya fi magani.