KAFIN KA SAYI MESA, AUNA ƊAKINTA

Mu nan ƙasar Hausa, in aka ce ga maciji, abin da ke fara zuwa ran mutum shi ne sanda. In ka ɗebe gardawa masu yawo da su kasuwa-kasuwa, da wuya ka sami wanda zai ajiye maciji a gidansa da gangan. To, amma a Amurka da Ingila da Jamus akwai dubban mutane da ke kiwon manyan macizai cikin gidajensu, kamar yadda mu ke kiwon tantabaru. Duk irin mesa ne da danginta, watau marasa dafi, waɗanda ke nannaɗe abincinsu su matse shi. Wannan kiwo ya jawo wa waɗansu jin daɗi, ya jawo wa waɗansu kuka. Bambancin kuwa yana wuri ɗaya ne: ko mutum ya yi lissafi tun kafin ya saya, ko bai yi ba.

Ɗan Yau, Ƙaton Gobe

Kuskuren da aka fi yi shi ne a dubi maciji yadda ya ke ran ciniki. Ɗauki mesar Burma, ta ƙasashen Asiya. Ran da ta fito daga ƙwai tsawonta wajen ƙafa 2 ne, yaro ma ya iya ɗaukarta da hannu ɗaya. Amma in ta ƙasaita tana iya wuce ƙafa 16, nauyinta ya kai laba 200, abincinta ya tashi daga ɓera ya koma zomo. A nan ne mai ita zai ga ya sayi abin da ya fi ƙarfinsa.

Mutanen jihar Florida ta Amurka sun ga ƙarshen wannan. Waɗansu da kiwon ya gagare su suka kai nasu daji suka saki, waɗansu macizan kuma suka kuɓuce. Suka sami fadamar Everglades mai ɗumi da ruwa, suka yi ta hayayyafa, har zomayen wurin suka kusa ƙarewa. A 2012 gwamnatin Amurka ta hana shigo da mesar Burma, da babbar mesarmu ta Afirka. Florida kuma ta hana a ajiye su a gida don sha'awa. Duk da haka a 2023 an kama wata a dajin can mai tsawon ƙafa 19.

Abin da ya fi wannan ban tausayi ya auku a garin Campbellton na ƙasar Kanada a watan Agusta 2013. Wata mesar Afirka, mai tsawo fiye da ƙafa 12, ta fita daga kejinta ta bututun shan iska, ta faɗo daga rufi cikin ɗakin da yara biyu 'yan'uwa ke barci, ɗaya shekara 4, ɗaya 6. Gari ya waye babu ko ɗayansu da rai. Rami guda da ba a toshe ba shi ya jawo wannan.

Wanne Ya Kamata A Zaɓa?

Masu wannan kiwo suna da ƙa'ida: macijin da ya wuce ƙafa 8, kada mutum ɗaya ya taɓa shi sai da mataimaki a kusa. Saboda haka wanda ke zaune shi kaɗai, ko mai ƙananan yara, iyakarsa ke nan.

Na farko cikin masu sauƙi ɗan ƙasarmu ne, watau ƙaramar mesar nan ta Afirka ta Yamma wadda in ta tsorata takan dunƙule kamar ƙwallo, ta ɓoye kanta a tsaka. Daga Gana da Togo da Benin aka fi fitar da ita zuwa Turai da Amurka, ita ce kuma a ke girmamawa a ɗakin tsafin garin Wida na ƙasar Benin. Tsawonta ƙafa 3 zuwa 5, tana da sanyin hali, ɓera ɗaya kan ishe ta kwana 10 ko 14. Aibinta guda, wani lokaci takan ƙi abinci har watanni.

Wanda ke son abin da ya fi wannan cika ido sai ya nemi bowa, ta Amurka ta Tsakiya da ta Kudu. Irin da aka fi kiwo takan kai ƙafa 5 zuwa 8, mace ta fi namiji girma, saboda haka mai ƙaramin wuri namiji ya fi masa. Ita bowa ba ta yin ƙwai, haihuwa ta ke yi.

A kuma tuna da tsawon rai. Duka biyun sukan yi shekara 20 zuwa 30. A gidan dabbobi na birnin St. Louis wata ƙaramar mesa ta yi ƙwai a 2020 tana da wajen shekara 62. Malamin da ya sayi irin wannan ran da ya kama aiki, mai yiwuwa ne ya yi ritaya tana nan tana jiran ɓeranta.

Awon Keji

Dā abin da a ke bi shi ne, in an haɗa tsawon keji da faɗinsa su yi daidai da tsawon macijin. Yanzu likitocin dabbobi da yawa sun ga wannan ya yi kaɗan, sun fi son tsawon keji kaɗai ya kai na macijin, domin ya iya miƙewa sosai. Ashe ƙaramar mesa mai ƙafa 4 tana bukatar keji mai tsawon ƙafa 4, faɗi 2, bisa 2. Bowa mai ƙafa 8 kuwa sai mai tsawon ƙafa 8, faɗi 3 ko 4, da reshe mai ƙwari na hawa. Mai karatu ya ɗauki wannan awo ya gwada a ɗakinsa. In ya ga sai an fid da gado kafin keji ya shiga, to, ya sami amsarsa. Mesar Burma kuwa, ɗaki sukutum za a ba ta.

Girman kejin yana da wani dalili kuma. Maciji ba ya ɗumama jikinsa da kansa, sai ya matsa wurin zafi ko wurin sanyi. Don haka a kan sa gefe ɗaya ya yi digiri 30 zuwa 32 na ma'aunin santigiredi, ɗaya gefen kuma 24 zuwa 27, da na'urar da ke kashe wutar in zafi ya yi yawa, kada ya ƙone. Cikin ƙanƙanen akwati ba yadda za a raba zafin nan biyu. A sa maɓoya a kowane gefe, da tasar ruwa mai nauyi wadda ba zai kifar ba. Iskar ciki ta kasance da laima, gama in ta bushe kamar ta hunturu, saɓa takan maƙale masa, har a ido. Ƙofa kuwa a sa mata kwaɗo, kowace kafa a toshe ta da waya mai ƙarfi, domin inda kan maciji ya shiga, sauran jiki yakan bi.

Saura abu biyu. Na ɗaya, a wanke hannu da sabulu bayan an taɓa shi, don macizai na ɗauke da ƙwayar salmonela mai sa zawo da zazzaɓi. Na biyu, a nemi wanda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, a bar na daji a dajinsa, inda ya ke rage wa manoma ɓeraye. Fitar da mesa daga ƙasa zuwa ƙasa sai da takardar izini, bisa yarjejeniyar CITES da ta fara aiki a 1975, Nijeriya kuwa tana cikinta.

Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Wanda zai ɗauki amanar dabba, ya fara tambayar iyakar girmanta, ya gina mata wuri, sa'an nan ya kai kuɗi. In lissafi bai fita ba, ba abin kunya ba ne mutum ya tsaya ga tantabarunsa. Allah ya sa mu fi ƙarfin abin da muka ajiye.