Tabon ganyen silik: daga ina yake zuwa?

Iyalan da suka baro Khartum da Omdurman tun bayan ɓarkewar yaƙi a ranar 15 ga Afrilu 2023 sun san silik da banjar, irin waɗanda manoman tsibirin Tuti da Shambat ke kawowa kasuwa. Yanzu da yawanku na shuka su a bayan tanti, kuma muna ta samun koke ɗaya: ganye ya yi tabo, ya bushe.

Ku duba tabon da kyau. Idan ƙanana ne masu zagaye, tsakiyarsu ruwan toka, gefensu ja-ja, to ba ƙwaro ba ne, ba kuma zafin rana ba ne. Wata irin funfuna ce da masana ke kira Cercospora. Ita ce ke addabar gwozar sukari a Turai da Amurka, domin gwozar da silik da banjar duk dangi ɗaya ne.

Ƙwayoyinta ba sa ganuwa da ido. Iska ko fantsamar ruwa ke ɗora su a kan ganye. In ganyen ya kwana a jiƙe cikin ɗumi, sai ƙwayar ta tsiro, ta kutsa ta ƙananan kafofin da ganye ke numfashi da su. Tana ciki tana ci, tana fitar da dafin da hasken rana ke tayarwa, naman ganyen ya mutu. Tabo ba ya bayyana sai bayan mako ɗaya zuwa biyu, wato ranar da kuka gan shi cutar ta daɗe da shiga. Shukar kuma sai ta ƙarar da ƙarfinta wajen fitar da sabon ganye, banjar ya tsumbure.

Shi ya sa muke roƙon a zuba ruwa a gindin shuka da sassafe, kada a watsa a kan ganye da yamma. Hakan ma ya fi tattalin ruwan jarka. A bar tazara tsakanin shuke-shuke. A tsinke ganyen da ya kamu a binne shi nesa da fangali, don funfunar na iya rayuwa a busasshen ganye kusan shekara 2. Inda ta yi ɓarna, a sa albasa ko kuɓewa a kakar gaba.

Cutar ba ta kama mutum; a yanke wurin tabon, a wanke, a dafa. Maganin ƙwari kuwa ba ya kashe ta, kada ku ɓata kuɗinku. Kafin kowane feshi, ku kawo ganyen ga malamin gona na sansani ya gani.